KUTURTA DA JINƘAI: YADDA AL'UMMAI SUKA DUBI MAI SHAN WAHALA

Gabatarwa

 A littafin tunawa irin wannan an saba rubuta sunayen fastoci da dattawan da suka yi hidima, da shekarar da aka aza harsashin gini, da yawan waɗanda aka yi wa baftisma. A wannan shafi kuwa mun ga ya kamata mu waiwayi wani tarihi wanda ya girmi ikkilisiyarmu nesa ba kusa ba, wanda kuma ba za a iya ba da labarin bishara a ƙasar Hausa a tsallake shi ba, wato tarihin cutar kuturta da yadda mutane suka bi da masu fama da ita.

Kalmar Jubili da muke buki a kanta yau ta fito ne daga Littafin Firistoci sura 25, inda aka umarci Isra'ilawa su busa ƙaho a shekara ta hamsin, a saki waɗanda talauci ya sa suka sayar da kansu, a kuma mayar wa kowane iyali gonarsa ta gado. A cikin wannan littafi guda, sura 13 da 14, aka rubuta dokokin kuturta. Saboda haka ya dace mai bukin Jubili ya tambayi kansa, sa'ad da ake busa ƙahon nan, wane ne yake zaune a bayan zango yana jin ƙararsa daga nesa?

Abin da tarihin nan yake koya mana shi ne, yadda al'umma ta fahimci dalilin wahala, haka za ta bi da mai shan wahalar. Inda aka ce laifinsa ne, sai a hukunta shi. Inda aka ce haɗari ne ga sauran jama'a, sai a kore shi. Inda aka ce rabonsa ke nan, sai a ba shi sadaka a wuce. Bari mu bi sawun wannan daga zamani zuwa zamani.

A Zamanin Littafi Mai Tsarki

Da fari ya kamata mu san cewa abin da Littafin Firistoci ya kira kuturta ya fi abin da likitoci suke kira kuturta a yau faɗi. Kalmar Ibrananci ta haɗa cututtukan fata iri iri, har da tabon da yake fitowa a jikin tufa da bangon ɗaki. Firist ne yake dubawa. In bai tabbatar ba, sai ya keɓe mutumin kwana bakwai, ya sake dubawa, in ya cancanta ya ƙara wasu bakwai. In ya tabbata cutar ce, mutumin zai sa yagaggun tufafi, ya bar gashinsa barkatai, ya rufe leɓensa na sama, ya riƙa sanar da mutane cewa ba shi da tsarki, ya kuma zauna a bayan zango.

Doka ce mai tsanani, amma akwai abu biyu da sau da yawa ba a lura da su. Na farko, sura 13 ba ta ce zunubin mutumin ne ya jawo masa cutar ba. Na biyu, sura 14 ta fara ne da hanyar dawowa. Firist ne zai fita bayan zango ya same shi. A kawo tsuntsaye biyu, a yanka ɗaya, a saki ɗayan ya tashi. A rana ta takwas a shafa jini a kunnensa na dama, da babban yatsan hannunsa na dama, da na ƙafarsa ta dama, daidai wuraren da aka shafa wa Haruna da 'ya'yansa jini ranar da aka keɓe su firistoci. In kuwa matalauci ne, an sassauta masa hadayar. Dokar da ta fitar da shi ita ce kuma ta shirya masa ƙofar shigowa da daraja.

Duk da haka mutane sun fi riƙe labarin Maryamu 'yar'uwar Musa, da Gehazi baran Elisha, da Sarki Uzziya, waɗanda cutar ta same su a matsayin horo. Daga labari uku sai aka yi wa kowane mai ciwo kuɗin goro. Aka manta da Na'aman, shugaban sojojin Suriya, wanda ba a ambaci wani laifi da ya jawo masa cutar ba. Aka manta da Ayuba, wanda abokansa suka zauna tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan, sa'an nan da suka buɗe baki suka ɗora masa laifi, har Allah ya tsauta musu a ƙarshen littafin.

Ubangijinmu Yesu ya tarar da wannan tunani ya yi kauri. Da almajiransa suka ga wanda aka haifa makaho, tambayarsu ita ce ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, shi kuwa ya ƙi duka biyun. A Luka sura 13 ya yi maganar mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya nuna ba su fi sauran mazaunan Urushalima laifi ba. A Markus sura 1 kuma, da kuturu ya zo ya durƙusa a gabansa, ya miƙa hannu ya taɓa shi, alhali ya iya warkar da shi da magana kaɗai. Bayan haka ya aike shi wurin firist, gama lafiyar jiki ba ta cika ba sai mutum ya koma cikin jama'arsa.

Ikkilisiyar Farko da Ƙasashen Turai

Masu bi na farko sun ɗauki wannan misali da muhimmanci. Wajen shekara ta 370, Bishop Basil na Kaisariya, a ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, ya gina babban gidan jinya a bayan birni domin matalauta da baƙi da kutare. Francis na Assisi, wanda ya rasu a 1226, ya shaida cewa tubansa ya soma ne sa'ad da ya daina ƙyamar kutare ya shiga yi musu hidima. A ƙasar Ingila kaɗai an gina gidajen kutare wajen 300 a ƙarnonin nan. A 1179 babban taron ikkilisiya da aka yi a Roma ya ba da izini kutare su sami nasu ɗakin sujada, da nasu firist, da tasu makabarta. Wannan tanadi ne na alheri, amma kuma ya tabbatar da rabuwa, tun daga wurin sujada har kabari.

Jinƙai bai kashe tsoro ba. A 1321, bayan shekarun yunwa mai tsanani, jita-jita ta bazu a Faransa cewa kutare suna zuba guba a rijiyoyi. Aka kama su gari gari, aka azabtar da su har suka amsa laifin da ba su yi ba, aka ƙone masu yawa da wuta. Waɗanda suka aikata wannan masu zuwa sujada ne. Al'ummar da take ba mutum sadaka a lokacin ƙoshi tana iya juya masa baya ranar da take neman wanda za ta ɗora wa masifarta.

A Ƙasar Hausa

Kakanninmu ma suna da nasu bayani a kan cutar. Wasu sun ce gado ce, tana bin jini, saboda haka kafin a ba da aure sai a bincika asalin gida. Wasu sun ce haɗa kifi da nono ne yake kawo ta. Wasu sun ce sammu ne, ko sakamakon rantsuwa a kan ƙarya. A cikin bori ma akwai iskar da ake kira Kuturu, wadda in ta hau mutum sai ya dunƙule yatsunsa ya riƙa kwaikwayon mai ciwon.

Amma Bahaushe bai kori mai ciwon kuturta daga gari kamar yadda aka yi a wasu ƙasashe ba. Ya ba shi gurbi. A manyan garuruwa akwai Sarkin Kutare, kamar yadda ake da Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, shi ne yake sasanta rigimarsu, yake karɓar baƙonsu, yake kai kukansu fada. Suna da unguwarsu, suna shiga kasuwa, suna aure suna haihuwa. Ranar Juma'a da lokacin azumi da ranar suna ko biki, rabonsu na sadaka yana nan. Har karin magana ta nuna cewa mai hali a cikinsu ba a raina shi, gama an ce kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan langa. Wannan tsari ya ceci rayuka da yawa daga yunwa, ya kamata kuma mu faɗi haka domin girmama maƙwabtanmu Musulmi da kakanninmu duka.

Sai dai gurbin yana da iyaka. Wanda cutar ta bayyana a jikinsa, ko da manomi ne ko maƙeri, ƙarshensa ƙoƙon bara. An ware masa kwanon ci da moɗar sha. Sunan da aka raɗa masa ranar suna ya ɓace, sunan cutar ya maye gurbinsa. Aka kuma yi masa shaidar zafin zuciya, ba tare da an tambaya ko wulaƙancin yau da gobe ne ya sa shi haka ba. Sadaka ta riƙe ransa, amma ba ta yi tsammanin wata rana zai aje ƙoƙon ba.

Ganin Ƙwayar Cuta da Zamanin Killacewa

A 1873 wani likita a birnin Bergen na ƙasar Norwe, mai suna Gerhard Armauer Hansen, ya ga ƙwayar da take kawo kuturta da madubin likita. Manyan likitocin ƙasarsa a lokacin sun gaskata cewa cutar gado ce, kamar yadda mutanenmu suka gaskata. Binciken Hansen ya nuna ƙwaya ce take shiga jiki daga waje. Da an yi tsammani wannan zai sauke wa marasa lafiya nauyin zargi. Abin da ya faru shi ne tsoron ɗauka ya maye gurbin zargin gado, magani kuwa babu. Babban taron likitoci na duniya a kan kuturta da aka yi a Balin a 1897 ya ba da shawarar a keɓe masu ciwon, gwamnatoci da yawa kuma suka mai da wannan doka.

A tsibiran Hawai an riga an soma tun 1866. Ana kwashe masu ciwon a jirgin ruwa a sauke su a wani lungu na tsibirin Molokai, inda teku ta kewaye su gefe uku, dogon dutse kuma ya tare bayansu. Mutum wajen 8,000 aka kai can kafin a soke dokar a 1969. Wani fada ɗan ƙasar Beljiyam, Damien, ya tafi ya zauna da su a 1873. Ya gina gidaje, ya wanke gyambo, ya haƙa kaburbura da hannunsa, har shi ma ya kamu, ya rasu a cikinsu a 1889. A Japan kuwa dokar killacewa ta ci gaba har 1996, shekaru da dama bayan an sami magani, har an yi wa mutane da yawa aikin hana haihuwa. A 2001 kotu ta yanke cewa gwamnati ta zalunce su, gwamnatin kuma ta nemi gafara. Ilimi shi kaɗai bai isa ya koya wa al'umma tausayi ba.

Mishan da Garuruwan Kutare a Nijeriya

A 1874 wani ɗan ƙasar Ailan, Wellesley Bailey, wanda ya ga halin masu ciwon a Ambala ta ƙasar Indiya, ya kafa ƙungiyar mishan domin kutare, wadda har yanzu tana aiki a ƙasarmu. A Nijeriya aikin ya kafu sosai a Itu a 1928 a hannun Dakta Andrew Macdonald, da Garkida a 1929 a hannun Mishan ta 'Yan'uwa, da Uzuakoli a 1932 a hannun Metodis. Mishan ta SUM ta riƙe Molai kusa da Maiduguri.

A ƙasashen sarakunan Arewa kuwa, Turawan mulki sun daɗe suna hana masu bishara shiga, saboda alkawarin da suka yi wa sarakuna cewa ba za su taɓa addini ba. Kuturta ce ta buɗe ƙofar. Hukumomin En'e sun soma gina wa masu ciwon matsuguni, amma ba su da likitoci da ma'aikatan jinya. A 1937, zamanin Sarkin Musulmi Hassan, da Sarkin Kano Abdullahi Bayero, da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka yi yarjejeniya Mishan ta SIM ta karɓi aikin a lardunan nan uku. Daga nan sunayen Amanawa a Sakkwato, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano suka shiga tarihinmu, haka kuma Bayara a Bauchi, da Danja kusa da Maraɗi a ƙasar Nijar daga baya. Sunan Yadakunya kansa ya faɗi abin da ake fata, wato mutum ya ya da kunyar da cutar ta ɗora masa.

Waɗannan wurare garuruwa ne sosai. Akwai gonaki, da makaranta, da kasuwa, da masu sasanta rigima daga cikin majinyatan. Maganin lokacin shi ne man wani itace na Indiya da ake kira calmugura, wanda ake yin allurarsa a cikin fata. Allura ce mai zafi ƙwarai, amfaninta kuma kaɗan ne. Abin da ya fi maganin aiki shi ne abinci mai kyau, da wanke gyambo kullum, da ba mutum aikin yi. Wanda ya zo da ƙoƙon bara sai ya ga an miƙa masa fartanya da allo. Majinyata da yawa suka koyi karatu da rubutu, wasu suka zama diresoshi masu yi wa 'yan'uwansu allura, wasu suka zama malaman makaranta. Sa'ad da aka sallame su suka koma ƙauyukansu da ilimi, wasunsu kuma da bangaskiya. Masu bishara da dattawa da yawa na ikkilisiyoyin Hausawa na farko a Kano da Katsina da Sakkwato ta wannan hanya suka fito. Hannuwan da aka ƙi gaisawa da su, su ne suka buɗe wa ƙauyuka da yawa Littafi Mai Tsarki a karo na farko.

Tarihi na gaskiya ba ya ɓoye ɗacinsa. Domin a kāre jarirai daga kamuwa, an riƙa raba su da iyayensu mata ana renonsu a ɗaki dabam, abin da ya bar tabo a zukatan iyalai. An sha samun saɓani tsakanin mishan da sarakuna a kan koya wa 'ya'yan Musulmi addini, gama mara lafiyar da ba shi da wani wurin zuwa ba koyaushe yake da bakin cewa a'a ba. Wasu kuma da aka sallama danginsu suka ƙi karɓarsu, sai suka dawo suka kafa ƙauyuka a bakin asibitin, inda jikokinsu suke har yau. A shekarun 1970 gwamnatocin jihohi suka karɓi yawancin asibitocin nan daga hannun mishan.

Zuwan Magani

A 1941, a asibitin Carville na ƙasar Amurka, Dakta Guy Faget ya gwada wata sabuwar allura wadda ta soma kashe ƙwayar cutar da gaske. Amma tana da tsada, sai kuma an yi ta a jijiya. Babban ci gaban da ya biyo baya a ƙasarmu aka yi shi. A Uzuakoli, a ƙarshen shekarun 1940, Dakta John Lowe ya nuna cewa in an rage yawan maganin da ake kira dafson, ana iya haɗiye shi a ƙwaya ba tare da ya cuci mutum ba, ga shi kuma da araha. Wannan ya canza kome. A shekarun 1950 Dakta Charles Ross ya baza ƙananan wuraren shan magani a ƙauyukan Jihar Arewa, inda mutum zai zo ranar da aka sa, ya karɓi ƙwayarsa ya koma gonarsa. Ba sai ya bar matarsa da 'ya'yansa ya tafi garin kutare ba. A Uzuakoli ɗin ne kuma Dakta Stanley Browne ya gwada maganin kulofazimin a farkon shekarun 1960.

Da aka ga ƙwayar cutar ta soma jure wa dafson, sai a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a haɗa magunguna, wato dafson da rifamfisin da kulofazimin. Mai ƙaramin ciwo yana sha wata 6, mai babba wata 12, ya warke sarai. Tun 1995 kyauta ake ba da shi a duk duniya. Nijeriya ta kafa shirinta na yaƙi da tarin fuka da kuturta a 1989, a 1998 kuma ta kai matsayin da Hukumar ta sa, wato ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000.

Akwai kuma wani bincike da ya kamata kowane mai bi ya sani. Dakta Paul Brand, wanda ya yi aiki a Vellore ta Indiya daga 1946, ya nuna cewa cutar ba ta cin yatsu kamar yadda ake zato. Jijiyoyin ji take kashewa. Sa'ad da hannu ya daina jin zafi, mace za ta ɗauki tukunya daga murhu ta ƙone ba ta sani ba, manomi zai taka ƙaya ya yini yana tafiya a kanta, rauni ya zama gyambo, gyambo ya cinye ƙashi. Ashe jin zafi kyauta ce daga wurin Allah, shi ne ƙararrawar da take tsare jiki. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa ikkilisiya jiki ɗaya ce, wahalar gaɓa ɗaya kuma ta dukan gaɓoɓi ce. Jama'ar da ta daina jin zafin ɗan'uwanta za ta yi ta rasa gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta farga ba.

Abin da Ya Rage Mana

Cutar ba ta ƙare ba. Ana samun sababbin masu kamuwa wajen 200,000 a duniya kowace shekara, mafi yawa a Indiya da Barazil da Indunusiya, a Nijeriya kuma wajen 2,000 ko fiye ake rubutawa. A 2024 maganin ya yanke a ƙasarmu wata da watanni saboda jinkirin shigowa da shi, sai a watan Maris na 2025 ya sake isowa. Wannan ya nuna yadda ake saurin mantawa da waɗanda ba su da mai magana dominsu.

Ga abin da likitoci suka tabbatar, muna roƙon kowa ya faɗa wa maƙwabcinsa. Kuturta ba ta gado ba ce, ba abinci ne yake kawo ta ba. Wajen mutum 95 cikin 100 jikinsu yana kāre kansa daga gare ta. Tana yaɗuwa ta numfashi, bayan doguwar cuɗanya da wanda bai soma shan magani ba, tana kuma iya ɓuya a jiki shekara 5, wani lokaci har 20. Wanda ya soma shan magani ya daina yaɗa ta. Gaisawa da cin abinci tare da zama a benci ɗaya ba sa kawo ta. Alamarta ta farko ita ce tabo a fata wanda ya fi sauran jiki haske ko ja, ba ya ƙaiƙayi, in an shafa auduga a kai kuma mutum ba ya ji. Wanda ya je asibiti a wannan mataki ba zai rasa ko yatsa ɗaya ba. Waɗanda suke nakasa a yau, sau da yawa kunya ce ta sa suka rufe tabon da riga har lokaci ya ƙure. Wanda kuma muka gani da dungu amma ya gama shan magani, lafiyayye ne. Tabon tsohon yaƙi ne kawai a jikinsa.

Tsohuwar tambayar nan ta wa ya yi zunubi ba ta mutu ba, sai dai ta sauya gida. Sa'ad da aka soma samun cutar ƙanjamau a Nijeriya a 1986, an maimaita zargi da gudu iri ɗaya. Haka ake yi wa mai farfaɗiya, da mai taɓin hankali, da macen da ba ta haihu ba, da mai yoyon fitsari. Abin lura ne cewa Babbar Ruga, inda aka yi jinyar kutare, ita ce ta zama babbar cibiyar gyaran yoyon fitsari, bayan Dakta Kees Waaldijk na ƙasar Holan, wanda ya zo aikin kuturta a 1983, ya ga matan da mazajensu suka kora ya soma yi musu aiki. A Danja ma haka aka yi. Gidan da ya saba karɓar wanda aka ƙi bai rasa baƙi ba.

Saboda haka muna ba ikkilisiya shawara. Masu wa'azi da malaman makarantar Lahadi su yi hankali da mai da kuturta hoton zunubi, gama wataƙila mai tabo a ƙarƙashin riga yana zaune yana ji. Mu kira mutum da sunansa, in ya zama dole a ambaci ciwon mu ce mai ciwon kuturta. Dattawa kada su hana aure domin kakan yarinya ya yi jinya a Amanawa ko Garkida. Zumuntar mata da ta matasa su sa ƙauyukan da suke bakin tsofaffin asibitocin nan cikin ziyararsu, su zauna su ci abinci tare da su kafin su miƙa abin da suka kai. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Janairu ita ce ranar kuturta ta duniya tun 1954, ana iya gayyatar ma'aikacin lafiya ya yi wa jama'a bayani bayan sujada.

Kammalawa

'Yan'uwa, mun ga al'ummar da ta hukunta, da wadda ta killace, da wadda ta ba da sadaka. Mun kuma ga mutane kaɗan a kowane zamani waɗanda suka matso kusa suka miƙa hannu, ta wurinsu kuwa aka sami gidajen jinya, da makarantu, da magani, har da ikkilisiyoyi. Waɗanda za su yi bukin shekara ɗari na wannan ikkilisiya za su karanta adadin gine-ginenmu, amma za su kuma tambaya su wane ne suka sami wurin zama a cikinsu. A dokar Musa firist ne yake fita bayan zango ya nemi wanda aka keɓe, Manzo Bitrus kuma ya koya mana cewa dukan masu bi firistoci ne. Allah ya ba mu ƙafafun fita da hannuwan taɓawa, ya sa Jubilin nan ya zama shekarar dawowa gida ga waɗanda aka manta. Ubangiji ya albarkace ku duka. Amin.